Mashin Ɗin Da Ba Shi Da Inji

Wata daga cikin sababbin 'yan matan da suka shigo zamanmu na ranar Asabar ta ce mini, "Inna, ai ke aikinki ba wahala. Ki ɗaga hoto kawai, mu kuma mu yi ta fama da biro." Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su. Da suka watse na naɗe tabarmi, sai na ga gara in rubuta muku yadda aikin yake, tunda ni ba gwanar dogon bayani da baki ba ce, kuma wata rana ɗayarku ce za ta zauna inda nake zama ta ɗaga hoton. Allah Ya sa abin da zan faɗa ya amfane ku, Ya yafe mana abin da hannuwanmu suka rubuta cikin rashin sani.

A shagon Kawu Sani na koyi kallon hoto. Ƙanen mahaifiyata ne, mai hoto ne a nan Ƙaura, shagonsa na kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma a gidansa na zauna har na gama sakandare. In na dawo daga makaranta ni ke datse gefen hotuna da almakashi, in zuba su a ambulan, in rubuta sunan garin mai hoton a baya da fensir. Idan mace ce ta zo, ni ke gyara mata gyale in daidaita mata haɓa, don Kawu ba ya taɓa matar mutane. Fim kuwa sai ya cika a kai Gusau a wanko.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba ku san kayan aikin ba. Akwai labule mai zanen itatuwa kore shar da ruwa yana gangarowa daga dutse. Akwai furen roba, da wayar tebur wadda ba ta da igiya, da agogon hannu da ya daɗe da tsayawa. Akwai babbar riga guda, da rawani, da baƙin tabarau. Sannan akwai mashin. Wani makanike ne ya cire masa inji ya bar gangar, Kawu ya sa aka yi masa jan fenti aka kafe shi a kan katako. Samarin ƙauye in sun sayar da gero ko dawa ranar kasuwa, kafin su nemi abinci sai sun zo sun hau mashin ɗin nan. A naɗa musu rawani, a maƙala musu tabarau, su riƙe kan mashin su murtuke fuska kamar masu shirin tafiya Legas. Wani ko keke bai taɓa tuƙawa ba.

Kawu yakan ce mini, "Ke ɗiyata, ba wanda ka zuwa nan don a ɗauke shi yadda yake. Kowa da abin da yaka so shi zama. Ki dubi ƙahwa, ƙahwa ba mu da ta aro."

Gaskiya ce kuwa. Riga tamu ce, agogo namu ne, amma takalmi da faso na mai su ne.

Ba kowa ke dawowa karɓar hotonsa ba. Wani damina ta tare shi, wani ya tafi cirani, wani rai ya yi halinsa. Kawu ba ya zubar da su. Yana da akwatin ƙarfe da yake tarawa, har da waɗanda suka fito biyu ko suka ɗan dushe, ya ce amana ce, mai shi na iya sallama kowace rana. Da waya mai hoto ta shigo, shagon ya mutu tun kafin mai shi. Bayan rasuwarsa na tarar 'ya'yansa za su cinna wa akwatin wuta saboda ya tare musu ɗaki. Na ce su ba ni. Malam, maigidana, ya sa aka ɗauko mini shi a baro.

Zaman rubutu ya samo asali ne daga wata maƙwabciyata da ta shigo aron turmi ta same ni ina shanya hotunan. Ta ɗauki na wata mata da ta kara wayar tebur a kunne, ta fara faɗin abin da matar ke cewa, wai tana yi wa mijinta faɗa ya tafi Shinkafi sayar da akuya ya dawo da rediyo. Muka yi dariya har da hawaye. Na ce mata, "Rubuta shi." Ta ce rabonta da biro tun jarrabawar ƙarshe. Na ce to ai hannun bai guntule ba. Asabar ta gaba ta zo da ƙanwarta. A hankali tsakar gidana ta cika da matan da suka yi boko suka yi aure, rubutu yana neman ɓace musu. Har daga Banga da Sakajiki ana zuwa, a biyo motar kasuwa. Ban yanka wa kowa komai ba. Mai kawo sabulu ta kawo, mai kawo daddawa ta kawo.

To, ɗaga hoton shi ne ƙarshen aikin, ba farkonsa ba. Kafin Asabar sai na zaɓa, kuma zaɓen na cin kwanaki. Hoto mai kyau sosai ba ya haifar da komai. Na taɓa ɗaga na amarya da ango, duk matan suka rubuta labari iri ɗaya kamar sun haɗa baki. Wanda ke aiki shi ne mai ɗan abin da bai zauna daidai ba. Na tuna hoton wani dattijo cikin babbar rigar Kawu, ga agogo, ga furen roba, amma a gefen ƙafarsa ya ajiye ƙullin leda ya taka bakinta da babban yatsa kada ta ɓace masa. Ledar nan ta ba mu aiki har aka kira magariba. Wata ta ce maganin matarsa ne, wata ta ce irin gyaɗa ne, wata ta ce takalman jikarsa ne da ya yi mata alkawari.

Idan na zaɓa sai in tace. In kai wa tsofaffin unguwa su duba, Malam kuma ya kai na maza dakalin masallaci. Duk fuskar da aka ce, "Kai, wannan ba wane ba ne?" ta koma akwati. Duk da haka tacewar ba ta kama komai. Wata rana ina ɗaga hoto sai wata baiwar Allah daga Banga ta ajiye biro ta ce, "Inna, wagga uwata ta." Tana goye aka rasa uwar, ba ta san fuskarta ba, zanen da ke ɗaure a jikin matar ta gane, don ta gaje shi, yana nan a akwatinta. Ranar ba a yi rubutu ba. Na sa mata hoton a ambulan, muka yi wa mamaciyar addu'a, kowa ta kama hanya.

A zaman kansa, zagayen farko ba a ƙirƙira. Kowa ta faɗi abin da idonta ya gani, shi kaɗai. In wata ta ce, "Yana cikin baƙin ciki," sai in ce, "A ina kika ga baƙin cikin? Nuna mini da yatsa." Sai ta dawo ta ce ya sunkuyar da kai, hannunsa ɗaya a aljihu. Zagaye na biyu mu tambayi abin da ke wajen hoton: wa ya rako shi, me ya ci da safe, wa zai nuna wa. Sai a na uku a ɗauki biro. Masu gaggawa sun fi ƙin zagayen farko, kuma su ne suka fi bukatarsa.

Dokokina biyu ne. Ta farko, waya tana zama a ƙwarya a bakin ƙofa, hoto kuma ba ya barin tabarma. Ta biyun kuwa yayan Malam ne sanadinta. Malami ne, mai karantarwa a zaure. Ya kira ni ya ce, "Amarya, na ji an ce kina tara mata kuna koyon ƙarya da hotunan mutane." Har yau Amarya yake ce mini, ga jikoki. Na yi masa bayani daga bayan labule. Da na gama ya ce, "Labarin da kowa ya san ƙage ne ban hana ba. Amma fuskar nan ta wani Musulmi ce, zai tsaya gaban Allah, ku ma za ku tsaya. Kada ku ɗora mata zunubi." Tun daga ranar na kafa ta. Ki ba mai hoton talauci, ki ba shi ciwo, ki tura shi tafiyar da ba dawowa, amma ba sata, ba fasiƙanci, ba cin amana. In labarinki na bukatar mugu, ki ƙirƙiro shi daga wajen hoton, marar fuska. 'Yan mata sun sha yi mini ƙorafi wai miyar ba gishiri. Na ce su sha haka nan.

Sai shekarar da hanyoyi suka rufe. Ba sai na gaya muku ba, kun rayu a ciki. Gonakin nesa suka zama saura, motar kasuwa ta koma sai an yi sa'a, matan Banga da Sakajiki suka daina zuwa. Waɗanda ke zuwa kuma rubutunsu ya canza. In ɗaga hoton rijiya, a rubuto mini gawa a ciki. In ɗaga na yaro riƙe da ƙwallo, a rubuto ranar da aka tashi garinsu. Ban hana ba, abin da ke cikin mutum shi zai fito. Amma na ware duk hotunan mashin ɗin Kawu na ɗaure su da tsumma na tura ƙasan akwati. Saurayi a kan mashin, da rawani, da baƙin tabarau, ga itatuwa a bayansa. A zamanin Kawu wannan ɗan ƙauye ne mai burin birni. A shekarar nan kuwa duk wanda ya gani abu ɗaya zai gani, ɗaya daga cikin mutanen daji masu satar mutane.

Rukayya ce ta fi kowa hannu a zaman. 'Yar Zurmi ce, aure ya kawo ta Ƙaura, yarinya mai ladabi, ita ke taya ni ɗauko akwati da shimfiɗa. A farkon daminar nan aka ɗauke yayanta a gona, aka kai abin da aka nema, bai dawo ba. Ba ta fasa zuwa ba, sai dai ta rage magana. Ita ta roƙe ni in bari a riƙa tura hoto a zauren waya da suka buɗe, saboda matan ƙauye da hanya ta tsare su ma su yi rubutu. Niyyarta mai kyau ce. Na ce a'a, a kwatanta musu hoton da baki, su rubuta.

Damina tana sa hotuna su manne da juna, dole a riƙa shanya su in rana ta fito. Wata Laraba Rukayya ta zo taya ni. Na shiga madafa duba tukunya, ita kuma ta kwance tsumman nan don su ma su sha iska. Daga baya ta gaya mini cewa ɗaya ne ya tsaya mata a rai, wani saurayi mai tsaga a kumatu, ya sauke tabarau kan hanci yana kallon mai ɗauka. Ta ɗauke shi da wayarta, daga ƙirji zuwa sama, da kan mashin, da itatuwan labule. Katakon da aka kafe mashin bai fito ba, ramin inji bai fito ba, farin gefen takarda ma bai fito ba. Hoton da ya girme ta ya koma kamar na jiya.

Ta rubuta labari a kansa ta tura zauren. Labarin ɗan kabu-kabu ne mai fara'a, mai ɗaukar tsofaffi kyauta, wanda kowa ke hira a bayansa, shi kuma yana kai wa mutanen daji labarin wanda ya sayar da bijimi da wanda ɗansa ya aiko da saƙo. Ba ta sa suna ba, ba ta sa gari ba. A sama ta rubuta cewa ƙagaggen labari ne. Na karanta shi daga baya, kuma ba zan ɓoye muku ba, tun da muka fara zama ba a taɓa rubuta wanda ya kai shi ba. Wata ta tura wa 'yar'uwarta, ita kuma ta tura gaba. A hanya layin saman ya faɗi. Wani ya karanta shi da murya saboda waɗanda ba su iya karatu ba, wani ya ƙara da cewa ya san yaron, ɗan wajen Zurmi ne, a lura da shi.

Ni duk ban sani ba, sai wata safiya da hantsi Malam ya leƙo ya ce in sa hijabi in zo bakin zaure, ina da baƙo. Dattijo ne siriri, rigarsa duk ƙurar hanya, ya ƙi zama kan tabarma, ya tsuguna a ƙasa. Ina ganin tsagar kumatunsa na ji kamar na taɓa ganinta, ban san a ina ba tukuna.

"Ke ta ɗiyar Sani mai hoto?"

Na ce ɗiyar 'yar'uwarsa ce.

"Sunana Audu. An ce mini kayan shagonai na hannunki." Ya miƙa wa Malam wata tsohuwar waya ta aro, Malam ya miƙo mini, sai ga hoton wani saurayi a kan mashin ɗin Kawu. "Wanga ni na. Shekarar da zan yi aure munka zo Ƙaura sai da dawa, nih hau mashin ɗin Sani don in kai ma yarinyar. Ban samu dawowa amsa ba. Ban taɓa ganin hoton ga ba, sai a hannun waɗanda sunka zo kama ɗana."

Malam ya ce, "Ɗanka kuma, Baba?"

"Lawali. Kabu-kabu yaka yi tsakanin garinmu da Zurmi. Kamarmu ɗaya, har tsagar, ni nis sa anka yi mai. Samarin da ka gadin gari sun ɗaure shi, sun amshe mashin. Nac ce musu ni na, sunka ce tsoho na son ya hwanshi ɗanai. Mai gari ya roƙa an ba ni zuwa ranar kasuwa in kawo shaida. In ban kawo ba za su tahi da shi, kuma kun san wanda anka tahi da shi."

Mun sani.

Na shiga na juye akwatin a tsakar gida. Na kwance tsumman, na fitar da nasa, na tattara duk wani hoto da mashin ɗin nan ya fito a ciki. Na aika aka kira Rukayya. Da na nuna mata wayar ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce, "Inna, na rubuta a sama ƙage ne." Na ce, "Na sani. Je ki nemi izinin mijinki, gobe da safe za mu garinsu."

Washegari muka bi motar farko, ni da Malam da Rukayya da dattijon. A motar kowa bakinsa na motsi da addu'a, direba na gudu kamar ana bin sa. Daga Zurmi muka hau mashina zuwa garin. A ƙofar gidan mai gari muka tarar da mutane. An fito da Lawali an zaunar da shi a rana, hannuwansa a ɗaure ta baya, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Na dubi hoton da ke hannuna na dube shi. Da ni ce ban san mashin ɗin Kawu ba, da na rantse shi ne.

Babban samarin, wani dogo mai laya a damtse, ya tare mu tun kafin mu gaisa. "Hajiya, mi kunka kawo? Hoto dai ba shi ƙarya. Ga shi ga daji, ga mashin, ga rawani."

Ban iya magana gaban maza ba, Malam ne ya karɓi ƙullin ya shimfiɗa hotunan a tabarmar mai gari, ɗaya bayan ɗaya. Samari daban daban, dogo da gajere, fari da baƙi, duk a kan jan mashin guda, duk da rawani guda mai ɗan yagewa a baki, duk gaban itatuwa guda da ruwan da ba ya motsi. Ya ajiye na Audu a tsakiya, cikakkensa, ga katako, ga ramin inji wanda ana hango labule ta cikinsa, ga ƙafar mai shi cikin takalmin taya.

Mai gari ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe. Sai ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. "La ilaha illallahu! Mashin ɗin Sani na! Ni ma na hau shi!" Ya juya ya ce a shiga ɗakin uwargidansa a ciro hoton da ke bango. Aka kawo shi cikin gilashi, ga mai gari yana saurayi, ya murtuke fuska a kan jan mashin. Dattawan wurin suka matso, wannan ya ce shi ma, wancan ya ce nasa gara ta cinye. Aka yi ta dariya ana tuna kuɗin jirgi da tuwon tasha. Lawali yana zaune a rana da igiya a hannu.

Dogon ya ce, "To labarin hwa? Wa yas san duk abubuwan ga in ba gaskiya ba ne?"

Rukayya ta fito daga bayana ta durƙusa. Ta ce ita ta rubuta, daga kanta ta ƙago, ba ta taɓa ganin Lawali ba sai yau. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Mata dai." Ya sa aka kwance igiyar. Aka turo mashin ɗin Lawali, fitila a fashe, ba madubi. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Wani ma cewa ya yi ya gode wa Allah, kuma ya rage yawan fara'a da fasinja.

Da za mu tafi Rukayya ta je gaban dattijon ta sake durƙusawa tana neman gafara. Ya ce ta tashi. Ya ce, "Ɗiyata, kin iya. Da anka saka muna muryar a dandali, ni kaina sai da nij ji na tsani mutumin. Ina ta tsine mai a zuci, kahin a nuna min hoton."

A motar dawowa Malam ya ce alhamdu lillahi, an gama. Ni ma haka na ɗauka.

Mutanen da suka ga tabarmar mai gari su ne waɗanda suka tsaya a ƙofar gidansa ranar. Hoton wayar kuwa ya riga ya kai Shinkafi, ya kai Gusau, ya tsallaka iyaka. Rukayya ta ɗauki hotunan duka a jere, da izinina wannan karon, ta rubuta bayani, ta yi da murya, ta roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Matan zamanmu suka tura. Daga nan ya tsaya. Ba mugu a ciki, ba abin da zai sa mutum ya ce wa na kusa da shi zo ka ji.

Lawali ya gyara fitila ya koma bakin tasha. Mutanen garinsu suna gaishe shi, amma in za su hau mashin sai su wuce shi su hau na bayansa. In mutum ya sayar da dabba, yana ganin Lawali sai ya canza hanya. Ranar da ya kai wani kaya kasuwar Shinkafi, wasu da ba su san da mai gari ko tabarmarsa ba suka gane fuskar. Allah Ya sa akwai wani dillalin shanu da ya san ubansa, shi ya shiga tsakani, amma sai da aka karya masa haƙarƙari. Da ya warke ya sayar da mashin ya tsallaka Nijar, inda ya ce ko an ga hoton ba a san garinsu ba. Ya bar mata da jariri a gidan tsohon.

Rukayya ba ta sake riƙe biro a tsakar gidana ba. Tana zuwa, ta shimfiɗa tabarma, ta tattara wayoyi a ƙwarya, ta zauna a ƙarshe. Ita ce wadda kuke cewa ba ta da fara'a.

Bayan kaka Audu ya sake sallama a zaurenmu. Ya kawo mini ɗan wake a ƙullin buhu, ya ce bana abin da ya iya nomawa ke nan shi kaɗai. Na tambaye shi labarin Lawali, ya ce yakan kira jefi jefi, yana ɗaukar kaya a wata tasha, wai ba zai dawo ba sai an manta da fuskarsa. Na miƙa masa hotonsa a ambulan ta hannun Malam. Ya buɗe ya duba, ya ce uwar Lawali ta rasu ba ta gani ba, ya sa a aljihu.

Har ya miƙe ya sa takalmi, sai ya juyo wajen labulen da nake tsaye.

"Hajiya, tunda rubutunku na da ƙarhi haka, in kun zamna ku rubuta wanda za shi maido min da shi."

Mun rubuta. Asabar ɗin da ta biyo baya ban ɗaga hoto ba, na ba su labarin Lawali na gaskiya, kowa ta rubuta iyakar iyawarta, ɗan kabu-kabun da bai yi komai ba. Muka zaɓi wanda ya fi, muka gyara shi, muka karanta da murya, muka tura ko'ina muka san akwai kunne. Da aka kwana biyu na tambayi wata 'yar'uwata da ke aure a Shinkafi ko ya iso gare su. Ta ce ya iso, ta fara saurare sai tuwo ya kama ƙonewa. Ta ce amma in na ji labarin ɗan kabu-kabun nan mai tsaga a kumatu, in ja wa Malam kunne ya daina hawa mashin ɗin wanda bai sani ba.